Dawisu a Layin Shiga Jirgi: Shin Har Yanzu Ana Tashi da Dabbar Kwantar da Hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Amurka. Wata ƙawata ta nuna mini hoton dawisu a tsaye kan keken tura kaya a filin jirgi, wai mai shi za ta hau jirgi da shi ne saboda yana kwantar mata da hankali. Da gaske ana barin irin wannan? Ina tambaya ne don ni ma ina da kyanwa, kuma tsoron jirgi yana wahalar da ni ƙwarai. An ce in sayi takardar likita a intanet, za a bar ni in shiga da ita kyauta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da abin da zai tsare miki aljihu. Kada ki sayi takardar nan. Tun ranar 11 ga Janairun 2021 doka ba ta tilasta wa kamfanonin jirage a Amurka su karɓe ta, kuma masu sayar da ita sun fi kowa sanin haka. Hoton kuwa na gaskiya ne. Na shafe shekaru ina aiki a teburin fasinjoji masu buƙata ta musamman na wani kamfanin jirage a daidai lokacin da abin ya yi ƙamari, don haka ba daga nesa na ji labarin ba.

Sunan dawisun Dexter. A watan Janairun 2018 wata mai zane ta zo da shi filin jirgin Newark za ta tafi Los Angeles, har kujera ta saya masa. Kamfanin United ya ƙi ɗaukarsa saboda girmansa da nauyinsa, kuma ya ce sau uku yana sanar da ita haka kafin ta baro gida. Kin ga dawisun da ya fi kowace dabba suna a wannan batu bai taɓa tashi ba. Waɗanda suka tashi su ne abin mamaki. A farkon 2016 an ɗauki hoton talotalo zaune a kujerar jirgin Delta. A watan Oktoban shekarar wata agwagwa mai suna Daniel ta tashi daga Charlotte zuwa Asheville sanye da jajayen takalma da ƙunzugu, tana leƙen taga. Tun kafin su, a Oktoban 2000, alade mai nauyin kusan kilo 135 ya yi tafiya daga Philadelphia zuwa Seattle a sashen masu tikiti mai tsada na jirgin US Airways, kuma da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta binciki lamarin sai ta ce kamfanin bai karya doka ba.

Wannan hukunci na ƙarshe shi ne mabuɗin labarin. Mutane kan ɗauka sakarcin kamfanoni ne ya sa aka bar alade cikin jirgi. A'a, doka ce ta ɗaure musu hannu. A 1986 Amurka ta yi dokar da ta hana kamfanonin jirage nuna wa naƙasassu bambanci, kuma Ma'aikatar Sufuri ce ke fassara ta. Babbar dokar naƙasassu ta 1990, wadda ke aiki a shaguna da asibitoci da gidajen cin abinci, daban take, tana hannun Ma'aikatar Shari'a. Ma'aikatun biyu sai suka raba hanya. Ta Shari'a ta tsaya a 2010 cewa dabbar taimako kare ne da aka horar, tare da ɗan sassauci ga wadan doki, kuma ɗebe kewa kawai ba aiki ba ne. Ta Sufuri kuwa tun 2003 ta shigar da dabbobin kwantar da hankali cikin lissafi, sannan a ƙa'idojin 2008 ta ce kamfani yana iya neman wasiƙa daga likitan ƙwaƙwalwa mai lasisi, wadda ba ta wuce shekara guda ba, da sanarwar awa 48 kafin tafiya. Abin da kamfani ke da ikon ƙi kai tsaye ɗan kaɗan ne: macizai da sauran masu jan ciki, dangin ɓera, gizo-gizo, da wata dabba mai kama da tunku. Saura duk sai an duba ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka ƙi ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, tara tana jiranka. Sai ya zama dabbar da ba za a bar ta ta shiga gidan shan shayi a ƙasa ba tana da 'yancin zama kan cinya a sararin sama. Kamfanonin ƙasashen waje masu sauka Amurka kuwa karnuka kaɗai aka wajabta musu, shi ya sa kusan duk hotunan da kike gani daga tafiye-tafiyen cikin gida suka fito.

A nan ya kamata ki riƙe bambanci guda, domin duk rikicin a kansa yake. Karen aiki an koya masa wani abu takamaimai. Kare ɗan jagoran makaho yana tsayawa a bakin titi, yana kauce wa rami. Wani yana jin canjin ƙamshin jikin mai ciwon suga ya zungure shi kafin ya faɗi. Wani yana kwanciya kusa da mai farfaɗiya, ko ya je ya kira taimako. Akwai na tsofaffin sojoji masu fama da firgicin yaƙi, wanda yake tayar da ubangidansa daga mugun mafarki, ko ya hau cinyarsa ya danne shi da nauyinsa har bugun zuciya ya lafa. Horon irin wannan kare yakan ci kusan shekara biyu da dubban daloli, kuma rabin horon ba aikin ba ne, koyon kamun kai ne. Ana koya masa ya kwanta awa biyar a ƙarƙashin kujera bai motsa ba, yaro ya taka masa wutsiya bai yi haushi ba, a wuce da abinci ta gaban hancinsa bai ɗaga kai ba, ya riƙe fitsari sai an ba shi izini. Da yawa cikin karnukan da ake fara horarwa ba sa kai ƙarshe, a nan suke faɗuwa. Sau da dama sai jirgi ya sauka fasinjan kusa zai farga ashe da kare aka yi tafiyar.

Dabbar kwantar da hankali ba a koya mata komai ba. Amfaninta kasancewarta kusa da mai ita. Ban raina wannan ba, zan dawo kansa. Amma dabbar da ba ta taɓa barin falo ba, in aka jefa ta cikin matsattsen bututu mai rurin inji, da baƙi fiye da ɗari, da matsin iska kwatankwacin na kan dutse mai tsawon mita 2,000, ita ce ta fi kowa buƙatar a kwantar mata da hankali.

To me ya sa abin ya fashe? Kuɗi. A wancan lokaci manyan kamfanoni suna karɓar kimanin dala 125 a kowace tafiya kan ƙaramin kare ko kyanwa, kuma dole ta zauna cikin jaka ƙarƙashin kujera. Babban kare sai ɗakin kaya na ƙasan jirgi, da tsada, ga zullumin zafi da sanyi. Dabbar kwantar da hankali kuwa kyauta, ba jaka, ba ɗakin kaya. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Shafukan intanet suka ɓullo, ka amsa 'yan tambayoyi, ka biya abin da bai kai kuɗin zuwa da dawowar dabbar sau ɗaya ba, wanda bai taɓa ganin fuskarka ba ya sa hannu. Suna haɗawa da falmaran mai rubutu da katin shaida mai hoto da lambar rajista, alhali babu wata rajistar gwamnati ta irin waɗannan dabbobi, ba a taɓa yin ta ba. A 2014 'yar jarida Patricia Marx ta gwada abin da gangan don mujallar The New Yorker. Ta samo wasiƙu, ta zaga gari da kunkuru da maciji da talotalo, ta kuma hau jirgi zuwa Boston da ɗan alade, kusan ba wanda ya tare ta.

Alƙaluma suka bi sahu. Ƙungiyar kamfanonin jiragen Amurka ta ce an ɗauki irin waɗannan dabbobi kimanin 481,000 a 2016, sai 751,000 a 2017. United kaɗai ya tashi daga 43,000 zuwa 76,000 a tsakanin shekarun biyu. Delta ya ce a farkon 2018 yana ɗaukar dabbobin taimako da na kwantar da hankali kusan 700 a kullum, kuma rahoton cizo da fitsari da kashi ya ƙaru da kashi 84 cikin ɗari tun daga 2016. Babu wata annobar ciwon damuwa da ta ninka cikin wata goma sha biyu. Labari ne ya bazu cewa ƙofa a buɗe take.

Mu da ke bakin teburi mun fi kowa shan wuya, domin ba mu da ikon tambayar mutum ciwonsa, kuma wasiƙar bogi da ta gaskiya kamanninsu ɗaya. Na tuna wata safiya da mutum biyu suka zo jirgi ɗaya, makaho da ɗan jagoransa, da wani saurayi riƙe da ƙaton kare sanye da falmaran sabo fil. Tun a layi na saurayin yake zabura yana son kai wa ɗayan cafka. Ɗan jagoran ko kallonsa bai yi ba, amma na ga hannun makahon yana rawa a kan ragama. Takardun duka biyun sun cika. Abin da na iya yi shi ne in raba kujerunsu, ɗaya gaba ɗaya baya, in sanar da shugabar ma'aikatan jirgi, in yi ta addu'a har su sauka. Mutane ba su san cewa hari ɗaya yana iya lalata ɗan jagora ba. Ko bai ji rauni ba, in tsoron karnuka ya shige shi ya daina aiki ke nan, shekara biyu na horo sun tafi, mai shi kuma ya koma layin jira.

Hotunan dawisu da agwagwa suna ba da dariya, amma ɓarnar gaske karnuka ne suka yi ta, don su ne mafi yawa. A Yunin 2017, a jirgin Delta da zai tashi daga Atlanta zuwa San Diego, karen kwantar da hankali da ke kan cinyar fasinjan kujerar tsakiya ya afka wa mutumin da ke jikin taga, wanda ba shi da hanyar gudu. Sai da aka yi masa ɗinki 28 a fuska. A Fabrairun 2018 wani ya ji wa ƙaramar yarinya rauni a goshi ana cikin shiga jirgin Southwest a Phoenix. Ga masu asma da waɗanda gashin dabba ke tayar musu da ciwo, ba inda za su koma. Ga kuma batun da fasinja ba ya tunawa: ana gwada kowane samfurin jirgi kan cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi kawai. Ki ɗauko firgitaccen alade ki ajiye a tsakiyar hanyar da mutum biyu ba sa iya giftawa, ki sake yin lissafin. A Nuwamban 2014 an sauke wata mata da aladenta daga jirgin US Airways a Connecticut tun bai tashi ba, bayan ya yi kashi a hanya yana ta tsuwa. Dangin ɓera kuma ba ƙyama ce ta sa aka ware su ba. Haƙoransu ba sa daina tsiro, dole su yi ta gaigaya, jirgi kuwa cike yake da wayoyi a bayan bango da ƙarƙashin daɓe. In ɗaya ya kuɓuce, jirgin ba zai sake tashi ba sai an nemo shi. Shi ya sa a Oktoban 2018, da ma'aikatan Frontier suka gano dabbar da wata fasinja ta shigo da ita a Orlando kurege ne, wanda shi ma dangin ɓera ne, kuma ta ƙi sauka, sai da aka fitar da kowa, 'yan sanda suka raka ta waje, jirgin Cleveland ya makara kusan awa biyu.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne labarin wata ɗaliba a filin jirgin Baltimore a ƙarshen 2017. Ta buga waya an ce mata za ta iya zuwa da ɗan ɓeranta na gida, irin wanda ake kira hamsta, da ta iso aka ce ba haka ba. Ta rasa yadda za ta yi, ta jefa shi a masai ta kora ruwa. Ta ce wani ma'aikacin Spirit ne ya ba ta shawarar. Kamfanin ya amsa cewa an ba ta bayanin da ba daidai ba a waya, amma ya musanta batun shawarar. Ko wane ne ke da gaskiya, dabbar ce ta biya.

Kada ki ɗauka na wanke kamfanoni. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su suka tsawwala kuɗi kan jakar da ba ta cin wurin kowa face wurin ƙafar mai ita. Su suka matse kujeru har tazara ta koma wajen santimita 76. Kuma mutuwar dabbobi a ɗakin kaya ba ƙage ba ne, ana kai rahotonta ga Ma'aikatar Sufuri. Da yawa cikin waɗanda suka sayi wasiƙa tsoron ɗakin kayan ne ya kai su, ba rowa ba. Da kamfanoni suka yi ta kuka da batun tsaro gaskiya suke faɗa, amma kuɗin da ke zurare musu ma yana cikin kukan.

Kada kuma ki ɗauka duk mai irin wannan dabba maƙaryaci ne. Na ga mutanen da a fili yake cewa karen da ke ƙirjinsu shi ne ya sa suka iya fitowa daga gida. Sai dai binciken kimiyya bai kai ƙarfin da masu talla ke ba shi ba. A 2016 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun yi nazari suka nuna cewa hujjar da ke tabbatar da amfanin waɗannan dabbobi wajen magani ƙalilan ce, suka kuma gargaɗi 'yan'uwansu likitoci kan sa hannu don kawai kada su ɓata wa maras lafiyarsu. Jin daɗin zama da dabba gaskiya ne. Cewa magani ne wanda in babu shi mutum ba zai iya tafiya ba, wannan magana ce daban, kuma ita doka take tambaya.

Daga 2018 kowane kamfani ya shiga ƙirƙiro nasa sharaɗin. Delta ya nemi shaidar rigakafi da alƙawarin ladabin dabba, daga baya ya hana karnuka irin pitbul. Kamfanin American ya fitar da jerin haramtattu har da akuya da bushiya da ƙwari. Fasinja mai canjin jirgi sai ya tarar abin da ya halatta da safe ya haramta da yamma. Ma'aikatar Sufuri ta nemi ra'ayin jama'a, ta samu fiye da 15,000 kan daftarinta, sannan a Disamban 2020 ta yanke. Dabbar taimako a jirgi yanzu kare ne kawai, kowane iri, wanda aka horar ya yi wani aiki don mai naƙasa, ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Mutum ɗaya ba zai wuce biyu ba. Dole ya kasance a ɗaure, ya kuma shige wurin ƙafar mai shi ko kan cinyarsa. Kamfani yana iya neman fom na ma'aikatar kan lafiya da horo da ladabi, da wani na biyu kan batun bahaya in tafiyar ta kai awa takwas, kuma ƙarya a kan fom ɗin laifi ne a dokar tarayya. Dabbar kwantar da hankali ta koma dabbar gida kamar kowace. Kamfanin Alaska ya fara sanar da rufe ƙofa, manyan suka biyo baya cikin makonni, Southwest ya rufe tasa ranar 1 ga Maris 2021.

A ganina hukuncin daidai ne, amma ya haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Wadan doki, wanda tsayinsa bai wuce na babban kare ba, dabbar aiki ce ta ainihi. Ana horar da shi jagora, yana iya tallafar nauyin mai matsalar tafiya, kuma yana rayuwa shekara talatin ko fiye, alhali kare yakan yi ritaya yana da shekara takwas zuwa goma a duniya. Wata mai suna Flirty ta tashi daga Chicago zuwa Omaha a 2019 lafiya lau. Sabuwar ƙa'ida ta cire wajabcin ɗaukarsu, wake ɗaya ya ɓata gari. Kuma abin lura, tsuntsu a cikin jirgi ba shi ne matsala ba in an yi masa tsari. Kamfanonin ƙasashen Larabawa irin su Qatar Airways da Etihad suna ɗaukar shahon farauta a wurin fasinjoji, da hular rufe ido, a ɗaure, da adadi ƙayyadadde, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma fasfo take yi musu. Ba wanda ya fake da likita, an san abin da aka ɗauko, an biya, an shirya masa.

Yanzu kyanwarki. Za ki iya tafiya da ita a yawancin jiragen cikin Amurka a matsayin dabbar gida, ki biya tsakanin dala 100 zuwa 150 a kowace tafiya. Ki sanar tun lokacin sayen tikiti, don ana ƙayyade yawan dabbobin da jirgi ɗaya zai ɗauka. Ki nemi jaka mai laushi da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanki, ki ajiye ta a buɗe a ɗaki makonni kafin tafiya har kyanwar ta saba kwana a ciki. Ba za a ba ki kujerar ƙofar gaggawa ba, kuma ba za ki fito da ita daga jakar ba har ku sauka, saboda haka kada ki sa rai za ki rungume ta lokacin da jirgi ke girgiza. Kada ki ba ta maganin barci sai likitan dabbobi ya ce, domin yana iya taɓa numfashi da bugun zuciya a sama. In tafiyar ta ƙetare ce lissafi ya canza: Ingila ba ta barin dabbar gida ta shigo a wurin fasinjoji, Hawai ma tana da dokar killacewa saboda ciwon haukan kare.

Tsoron jirgin kuwa ki kai shi wurin likita na gaske, sashen ba da shawara na jami'arku wuri ne mai kyau na farawa. Yana cikin tsorace-tsoracen da suka fi jin magani, ta hanyar sabawa sannu a hankali da koyon sarrafa numfashi. In likitan da ya san ki ya ga kina buƙatar kyanwar a masauki, wasiƙarsa tana iya yi miki amfani wajen mai gidan haya, don dokar gidaje daban take da ta jirage, ko da yake jihar California tun 2022 ta fara ɗaure masu rubuta irin wannan wasiƙa da sharaɗin sanin mutum na kwana 30 kafin su sa hannu don kare.

Wuri guda da aka fi rasa kyanwa shi ne wurin binciken tsaro. Jakar za ta bi ta na'urar haska kaya, ke kuma ki ratsa ƙofar bincike da kyanwar a hannu, cikin hayaniya da baƙin fuskoki. Ki sa mata ɗamarar ƙirji da igiya tun daga gida, kuma kafin ki zuge jakar ki roƙi jami'an su kai ku ɗakin bincike na keɓe mai ƙofa. Suna da shi, amma sai kin tambaya.